Raba-Daidai: Ina Rabon Wanda Ba Shi Da Takardar Indijin?

'Yan'uwa, na Jos da na Kafanchan, na Sabo a Ibadan da na Shagamu, na Agege da na Fatakwal, da duk wanda aka yanke wa cibiya a garin da har gobe ake ce masa baƙo. Yau ina so mu taɓa wata magana da babu gidan da ba ta shiga ba a cikinmu, wato maganar raba-daidai wajen ɗaukar ma'aikata da rabon muƙaman gwamnati a ƙasar nan tamu. Duk lokacin da aka ce 'yan sanda ko kwastan ko soja za su ɗauki sababbin ma'aikata, ko shugaban ƙasa ya fitar da sunayen waɗanda ya naɗa, sai gardama ta tashi. 'Yan Kudu su ce tsarin ya kashe cancanta, 'yan Arewa su ce ba don shi ba da tuni an shafe mu. Mu kuwa da muke zaune a garuruwan da ba a yarda namu ba ne, ba safai ake tambayar ra'ayinmu ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri, don kada mai karatu ya wahala wajen nema. Ina goyon bayan raba-daidai. Kuma ina cikin mutanen da yadda ake aiki da shi ya fi cuta. Maganganun nan biyu sun daɗe suna zaune tare a zuciyata, kuma su nake so in baje a faifai.

Ni haifaffen Jos ne. Mahaifina ma a Jos aka haife shi, a can kabarinsa yake. Kakana ne ya baro wani ƙauye a ƙasar Katsina yana saurayi, tun kafin yaƙin Hitila, ya tafi haƙar kuza don neman kuɗin haraji, kamar yadda dubban 'yan cirani suka yi a wancan zamani. Ya je da niyyar rani ɗaya, sai ga shi ya shekara 50 da 'yan kai. Bayan rikicin watan Janairun 2010 na kwashe iyalina muka komo Bauchi, muka sami ɗan fili a Miri, nan bakin hanyar Jos, gaba da Wuntin Dada. Mutanen Miri sun karɓe mu hannu bibbiyu, Allah Ya saka musu da alheri. Salla tare, suna tare, jana'iza tare. Amma a takarda ni ba ɗan Bauchi ba ne, a Jos kuma an ce ni ɗan kama-wuri-zauna ne.

Daga ina abin ya taso?

Wanda bai san jiya ba zai ɗauka wani ne ya kwana ya tashi ya ƙirƙiro raba-daidai don ya fifita danginsa. Abin ya fi haka tsawo. A Legas 'yan mishan sun buɗe makarantar sakandare ta farko tun 1859. A Arewa kuwa sai a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa ta Kano, Kwalejin Katsina kuma sai 1922. Tazarar shekara 50 zuwa 63 ke nan. Da Turawa suka fara haramar tafiya, sai ya zamana akawu da ma'aikacin gidan waya da na jirgin ƙasa a Kano da Zariya da Jos yawancinsu 'yan Kudu ne. Shi ya sa a 1953, da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, su Sardauna suka ce a dakata sai an shirya. Aka yi musu ihu a titunan Legas, abin da ya haifar da tarzomar Kano a watan Mayun wannan shekara. Daga nan Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙarfafa manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa: in akwai ɗan Arewa da ya iya aikin, shi za a ba, in babu a ɗauki wani bisa kwantiragi kafin a horar da na gida. A soja ma an yi kaso tun kafin samun 'yancin kai, rabi na Arewa, sauran rabin Gabas da Yamma su raba, a 1961 kuma aka shigar da ɗaukar hafsoshi cikin tsarin.

A watan Mayun 1966 Janar Ironsi ya fito da doka mai lamba 34, ya soke jihohi, ya haɗe aikin gwamnati wuri ɗaya. 'Yan Arewa suka ga an wangale ƙofar da za a mamaye ofisoshinsu. Aka zubar da jinin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, abu ya yi ta ruruwa har ya kai ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Saboda haka da Janar Murtala ya ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki a watan Oktoban 1975, ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, babban abin da ke ran kowa shi ne kada wani yanki ya sake ganin gwamnati ba tasa ba ce. Tsarin mulkin 1979 ya sa wannan a sashe na 14(3), na 1999 ma ya riƙe shi a wuri guda: kada 'yan wasu jihohi ƙalilan ko wata ƙabila su kankane gwamnatin tarayya da hukumominta. Sashe na 147(3) ya wajabta wa shugaban ƙasa naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma lallai ya zama ɗan asalin jihar. A 1996 Janar Abacha ya kafa Hukumar Raba-Daidai ta Tarayya, kuma abin mamaki, ita ma dokar da ta kafa ta lamba 34 ce. Ƙa'idar hukumar ita ce kowace jiha ta sami abin da bai gaza kashi 2.5 cikin 100 na ma'aikatan kowace ma'aikata ba, kada kuma ya wuce kashi 3, Abuja kuma kashi 1.

To, mai karatu, wanda ya san wannan tarihi ba zai yi saurin cewa a soke ba. Ƙasar da ta taɓa yaƙi a kan wa zai zauna a ofis, ba a yi mata wasa da maganar ofis.

Gardamar majalisarmu

Muna da majalisa a ƙofar wani shago nan Miri, inda ake zama bayan la'asar, kuma na lura mutum uku ne ke riƙe da kusurwa uku na wannan magana.

Na farko wani dattijo ne, tsohon hedimasta, ɗan asalin garin nan. Shi a wurinsa raba-daidai garkuwa ce. Yakan ce da mu, "Ku yara ba ku ga lokacin da za ka shiga gidan waya a ƙasarku a yi maka tsawa da harshen da ba ka ji ba. Yaron da ya yi firamare a ƙarƙashin bishiya, malami ɗaya aji uku, ka ce ya yi tsere da wanda ya yi makarantar kuɗi a Legas, sannan ka kira wannan adalci?" Kuma yana da gaskiya. Jarrabawa tana auna abin da aka koya wa yaro, ba ta auna abin da zai iya in an koya masa.

Na biyu wani saurayi ne da ya gama jami'a da sakamako mai kyau, yau shekara 5 yana neman aiki. Shi cewa yake, "Baba, garkuwar nan wa take karewa? Kason Bauchi ana ba Bauchi, amma wane ɗan Bauchi? Ɗan wanda ke da lambar wayar sanata." Shi ma ba ƙarya ya yi ba. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, aka ji mutane da bakinsu suna ba da shaidar kuɗin da suka biya don a ba su takardar kama aiki, aka kuma ji yadda hukumomi ke neman izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da sun tallata guraben ba. Gurbin da ba a tallata ba, ɗan talakan Miri ta ina zai ji labarinsa?

Na uku wani abokina ne ɗan ƙabilar Ibo, mai sayar da kayan gyaran mota a cikin gari, yakan biyo mu sha shayi in ya taso. A Bauchi aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ya taɓa ce da ni, "Alhaji, ni da kai jirgi ɗaya ya ɗauko mu, amma kai in an kore ka kana da inda za ka sauka a ce maka sannu da zuwa da harshenka. 'Yata a nan ta yi firamare, benci ɗaya da 'yar maƙwabcina, ranar jarrabawar shiga kwalejin tarayya aka ce ita da ma'aunin Anambra za a auna ta." Wanda ya tuna makin da aka fitar a 2013 zai gane abin da yake nufi. A wannan shekara ɗan Anambra sai ya ci 139 kafin a dube shi, ɗan Filato 97, ɗan Katsina 60, ɗan Bauchi 35, yaro namiji daga Yobe kuwa maki 2. Ni da na ga jerin nan sai na dubi ƙaramin ɗana. Yaro ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma ma'auninsa uku: in an bi inda aka haife shi 97, in an bi inda kakan ubansa ya fito 60, in an bi inda yake kwana 35.

Inda gizo ke saƙar

Duk tsarin nan a kan takarda ɗaya ya rataya, wato shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin. Ba ka cike fam ɗin soja ko ɗan sanda ko kwastan sai da ita. Ba ka samun tallafin karatu na jiha sai da ita. A jami'o'in jihohi da dama kuɗin makarantarka ma ita ke yanke shi. Amma tsarin mulki bai fayyace wane ne ɗan asali ba. Ƙa'idar Hukumar Raba-Daidai cewa ta yi, wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan asalin ƙaramar hukumar ne, ko kuma wanda ƙaramar hukumar ta karɓa a matsayin nata. Ka ga an mayar da wuƙa da nama hannun duk wanda ke kan kujerar ciyaman. Shi ya sa kujerar ta zama abin a mutu ko a yi rai.

Mu mutanen Jos mun ga wannan da idonmu. A 1991 gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. A watan Afrilun 1994 aka naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙonta, waɗanda ke ganin garin nasu ne suka ƙi, aka dakatar da miƙa masa mulki, rikici ya ɓarke ranar 12 ga wata. A 2001 aka naɗa Alhaji Mukhtar Muhammad jami'in shirin yaƙi da talauci na tarayya a ƙaramar hukumar, gari ya yi ta tafasa makonni, har ranar Juma'a 7 ga Satumba wata 'yar hatsaniya a bakin masallaci ta kunna wutar. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum kusan 1,000 suka mutu cikin kwana 6. A ƙarshen Nuwamban 2008 zaɓen ciyaman na wannan ƙaramar hukuma ya ci rayuka aƙalla 700 cikin kwana 2, in ji ita wannan ƙungiya. Jama'a, a duba da kyau. Sau uku ke nan, kuma kowane karo muƙami ne a gindin maganar. Dokar da aka yi don kada a sake zubar da jini a kan ofis, ga shi a ƙasa ana zubar da jini a kan wanda zai sa hannu a takardarta.

Kuma ba mu kaɗai abin ke ci ba. A 2011 gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ma'aikatanta da ba 'yan asalin jihar ba, yawancinsu Ibo ne 'yan'uwansu daga jihohin maƙwabta. A 2012 aka ƙi rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara tare da sauran takwarorinta, saboda an kawo sunanta a kason Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana aiki, alhali ita haihuwar Anambra ce. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki aka rantsar da ita. Ƙa'idar ta ce mace ko ta yi aure jihar ubanta za ta ci gaba da bi. Mata nawa ne a gidajenmu ke cikin wannan hali, gidan miji a ce ba 'yar nan ba ce, gidan uba a ce ai ta yi aure?

Tafiyarmu ƙauyen kaka

Da babban ɗana ya gama babbar difloma, ya zo cike fam ɗin neman aiki a intanet, sai ya tsaya cak a gurbin jiha da ƙaramar hukuma. Masu ba da shawara suka yi yawa. Wani ya ce akwai wanda zai kawo mana takardar wata ƙaramar hukuma har gida in an ba shi na goro, abin da ake bukata kawai a rubuta cewa mahaifina a wani ƙauye na nan kusa aka haife shi. Na ce ba zan tashi ubana daga kabarinsa na Jos in kai shi garin da bai taɓa takawa ba saboda albashi. Muka shirya muka kama hanyar Katsina, ni da yaron, zuwa ƙauyen da ni kaina sau ɗaya na taɓa zuwa ina ƙarami.

Muka faɗi muka yi gaisuwa gaban dagaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu jikokin wane ne, wanda ya tafi Jos aikin kuza." Ya yi shiru, ya dubi dattawan da ke gefensa, babu wanda ya san sunan. Aka aika cikin gida aka taho da wata tsohuwa tana dogara sanda. Ta sa na maimaita sunan, ta tambayi sunan uwarsa, sai ta kama baki ta ce, "Allahu Akbar! Ai ƙanen kakata ne. An ce ya tafi dutse bai dawo ba." Ta kama hannun ɗana tana kuka tana cewa, "Maigidana, sai yau?" Dagaci ya rubuta mana wasiƙa zuwa ga hakimi, kwana 2 takarda ta fito, ba mu ba kowa ko kwabo ba. Allah Ya saka wa mutanen nan da alheri, sun yi mana abin da zumunci ya ce.

A mota muna dawowa, mun wuce Zariya, yaron ya ce da ni, "Baba, ka ga makarantar garin nan kuwa? Babu rufi a aji biyu. Yanzu ni da na yi karatu a Jos da Bauchi, da ni da yaran can za a sa a layi ɗaya a ce mu 'yan wuri ɗaya ne?" Ban ba shi amsa ba sai da muka yi nisa, domin ya taɓo ainihin ciwon. Takardarmu halal ce, doka ta ba mu, jini ya ba mu. Amma kason da aka ware don yaron da ajinsa ba rufi, ga shi ɗan birni ya zo da takarda zai shiga gabansa. Garin da ya san yaron nan tun yana rarrafe ba ya lissafa shi, garin da ya kwana biyu a ciki shi ke lissafa shi. An cuci ɗana a can, an kuma sa shi ya tsaya a gaban wani a nan. Aikin dai bai samu ba a wancan karo, yana nan yana gyaran waya, yana kuma ci gaba da cike fam.

Laifi tudu ne

A nan zan faɗi abin da wasu 'yan'uwa ba za su so ji ba. Birom da Anaguta da Afizere ba haka kawai suke tsoro ba. Kamfanonin kuza sun cinye musu gonaki sun bar musu ramuka. Sun ga yadda ƙananan ƙabilu suka kwana a ƙarƙashin mulkin En'e, koken da ya sa Turawa suka kafa kwamitin Willink a 1957. Suna kallonmu suna cewa, Bahaushe yana da Kano da Katsina da Sakkwato, in ya haɗa da Jos mu ina za mu? Ba sai ka yarda da hukuncinsu ba kafin ka gane tsoronsu, kuma wanda bai gane tsoron abokin zamansa ba, ba zai iya yi masa maganar da za ta shiga ba.

Sannan mu tambayi kanmu. An kafa Sabon Garin Kano tun wajen 1913. Jikan wanda ya zo a lokacin, in sunansa Chukwu ko Adebayo kuma yana zuwa coci, mun yarda ya zama kansila ko sakataren ilimi a Kano? Abokina mai kayan mota, da za a ce gobe an ba 'yarsa gurbin aiki a kason Bauchi, mu nawa ne a majalisarmu za mu ce madalla? In muna neman a kira mu 'yan Jos saboda haihuwa da zama da biyan haraji, to hujjar nan ba ta san ƙabila ba, ta kowa ce. Ba za mu nemi a yi mana a Filato abin da ba mu shirya yi wa wani a Kano da Bauchi ba.

Me wasu ƙasashe suka yi?

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. A Amurka, inda maganar launin fata ce, Shugaba Johnson ya sa hannu a wata doka a 1965 da ta tilasta wa kamfanonin da ke kwangila da gwamnati su buɗe ƙofa ga baƙaƙen fata da sauran waɗanda aka danne. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolinsu ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a watan Janairun 2025 kuma Shugaba Trump ya soke waccan doka ta Johnson. A Malesiya, bayan tarzomar 1969, an fito da tsarin fifita 'yan ƙasa a 1971 da niyyar shekara 20, wa'adin ya cika aka sake masa suna aka ci gaba. Indiya kuwa ta ware kashi 15 na ayyukan gwamnatin tarayya ga waɗanda tsarin gado na addinin Hindu ya mayar ƙasan kowa, kashi 7.5 ga ƙabilun da aka bari a baya, kashi 27 ga sauran masu rauni. Amma a 1992 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce a cikin masu kashi 27 ɗin nan a cire 'ya'yan masu hali da manyan ma'aikata, don kada su shanye romon su bar wa talaka ƙashi. Wannan dabara ta Indiya ita ta fi kama hankalina, domin ita ce amsar koken saurayin majalisarmu.

Abin da nake gani

Na farko, a bar raba-daidai, amma a sauya abin da ya rataya a kai. Wanda aka haifa a wuri, ko ya zauna shekara 10 yana biyan haraji, a lissafa shi a nan wajen aiki da makaranta da tallafin karatu. Sashe na 15(3) na tsarin mulki ya riga ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina, sai dai yana cikin babin da ba a kai ƙara kotu a kansa. A 2025 mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙuduri mai kama da wannan, suka ta yi masa yawa, ya janye shi a watan Yuli. Wannan ya nuna mana girman tsoron da ke ƙasa, kuma shi ya kawo ni magana ta biyu.

Na biyu, a raba maganar sarauta da maganar aiki. Sarautar gargajiya da wuraren al'ada na masu su ne, ni ban taɓa mafarkin ɗana ya zama Gbong Gwom ba, kamar yadda abokina ba ya neman sarautar Bauchi. In aka tabbatar wa mutane ba rawaninsu ake nema ba, zai fi sauƙi su yarda a ba yaro gurbin koyon aikin jinya.

Na uku, a cire 'ya'yan manya daga kaso. Ɗan gwamna da ɗan babban sakatare da suka yi karatu a Ingila su shiga layin cancanta su gwada ƙwanjinsu. Kaso na ɗan makarantar da ba rufi ne.

Na huɗu, a tallata kowane gurbi, a kuma liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka da makinsu da ƙananan hukumominsu inda kowa zai gani. Cinikin gurbi a duhu yake rayuwa.

Na biyar, mu 'yan Arewa mu tambayi gwamnoninmu. An ba mu sanda ne don mu dogara kafin ƙafa ta warke. Daga 1979 zuwa yau an haura shekara 45. Maki 2 da aka rubuta a gaban sunan wata jiha ba gata ba ne, shaida ce a kan waɗanda suka karɓi kuɗin ilimin jihar.

Kada wani ya ce abin da nake faɗa baƙon abu ne a ƙasar nan. Garin nan da nake zaune a gefensa, Malam Yakubu ne ya kafa shi, Bageri ne, almajirin Shehu Usmanu, kuma Shehu ya ba shi tuta bai ce sai Bafulatani ba. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garinsu na farko. Kakanninmu sun iya, da ƙarancin bokonsu.

Shawarata ga 'yan'uwa mazauna ko'ina ita ce, kada a sayi takardar ƙarya, domin ranar da aka tono ta yaron ne zai rasa aikin, mu kuma a ƙara samun abin faɗa a kanmu. A adana takardar haihuwa da rasiɗin haraji da takardun fili, su ne hujjarmu ranar da za a zauna gyara. A sa yara makaranta, mata da maza, don wanda ya ci 139 ba ya fargabar kowane ma'auni. In an zo jin ra'ayin jama'a kan gyaran tsarin mulki, mu je, kuma mu je tare da Ibon Sabon Gari da Bayaraben Bauchi da Tibin Lafiya, domin kukanmu ɗaya ne, kuma an fi jin sa in ya fito daga baki da yawa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a rikice-rikicen nan, namu da nasu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal.